Kwali, Takarda da Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Kwali ya cika mana gari. Ga katan ɗin taliya da na sabulu da na magani, ga na fanka da talabijin, ga kuma wanda ake naɗo kayan da aka saya ta intanet. Kusan kowanne daga itace ya fito, ko dai kai tsaye, ko ta hanyar tsohon kwalin da shi ma daga itacen ya faro. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi a kan abin da wannan sana'a take yi wa dazuzzukan duniya.

Da gaske daga itace ake yin takarda da kwali?

Da gaske ne, amma ba tun fil azal ba. Cai Lun, wanda ake danganta gyara sana'ar takarda da shi a ƙasar Sin a shekara ta 105, da ɓawon itace da tsumma da tsofaffin komar kamun kifi ya yi aiki. Turawa ma sun shafe ƙarnuka da tsumma suke yi. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani a tsofaffin littattafan malamanmu na Kano da Sakkwato, wadda fatake suka riƙa ratso Sahara da ita daga Italiya, asalinta ta tsumma ce. Sai a ƙarni na 19 aka koma kan bishiya gadan-gadan, bayan Friedrich Keller na Jamus ya ƙera injin markaɗa itace a 1844, shi kuma Carl Dahl ya fito da hanyar dafa shi da sinadari a 1879.

Yadda ake yi a yau shi ne, a ɓare gungumen, a daddatsa shi gutsi-gutsi, a dafa shi da soda mai ƙarfi da sinadarin farar wuta har ƙaron da ke riƙe da zaren itacen ya narke. Abin da ya rage ƙullu ne na zalla zare, wajen rabin nauyin busasshen itacen da aka zuba. A tsinka ƙullun da ruwa mai yawa, a shimfiɗa a kan raga, a matse, a busar. In ka yage katan ka dubi bakinsa za ka ga falle uku: biyu a miƙe, ɗaya a tsakiya mai lanƙwasa-lanƙwasa. Wannan na tsakiyar shi ne sirrin ƙarfinsa, kuma sau da yawa da tsohon kwali ake yin sa.

Nawa duniya take sarrafawa a shekara?

Fiye da tan miliyan 400 na takarda da kwali, bisa alƙaluman hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Sin ce kan gaba, Amurka na biye. Fiye da rabin wannan adadi na ƙunshe kaya ne da naɗe su. Waya da kwamfuta sun rage cinikin jarida da takardar ofis, har aka yi zaton bishiya za ta huta. Ina! Intanet ɗin da ya kashe kasuwar jarida shi ya raya ta kwali, domin duk abin da aka saya daga nesa sai an sa shi a akwati kafin ya iso.

Ke nan masu yin takarda ne suke cinye dazuzzukan duniya?

A'a, ba su ne na farko ba, kuma gara a faɗi wannan tun da wuri. A ƙididdigar FAO ta 2020, daji ya rufe wajen hekta biliyan 4.06, kusan kashi 31 cikin ɗari na doron ƙasa, kuma tsakanin 2015 da 2020 ana rasa kimanin hekta miliyan 10 kowace shekara. Binciken da hukumar ta yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan asara daga faɗaɗa gona da makiyaya take. Kiwon shanu, waken soya, kwakwar manja, koko, da ƙananan manoma masu neman sabuwar gona. Wajen rabin itacen da ake sarewa a duniya kuma wuta ake hurawa da shi.

Amma wannan bai wanke masana'antar takarda ba. Ƙungiyar kare muhalli ta WWF ta ƙiyasta cewa ita take lashe tsakanin kashi 33 zuwa 40 cikin ɗari na itacen masana'antu da ake cinikinsa a duniya. Kuma ɓarnarta ba a warwatse take ba, a wasu 'yan wurare ta taru, inda ta sauka kuwa ba ta saukowa da wasa.

Ina ne abin ya fi muni?

Tsibirin Sumatra na Indonesiya, musamman lardin Riyau. A can ne manyan kamfanoni biyu, APP da APRIL, suka kafa injinan da ke cikin mafiya girma a duniya. An gina injinan kafin gonakin bishiyar da za su ciyar da su su kai, saboda haka shekara da shekaru kurmin asali aka riƙa sarewa ana zuba musu. Kurmin da giwa da goggon biri na orangutan da damisar Sumatra mai zane suke zaune a ciki. In an share fili sai a dasa akeshiya, wata bishiya mai saurin girma, 'yar'uwar bagaruwa ta nesa, a sare ta bayan shekara biyar ko shida.

Ba ma a wurin saran ne gizo yake saƙa ba, a ƙasar da ke ƙarƙashi yake. Yawancin wannan kurmi a kan wata irin fadama yake tsaye, inda ganye da rassa suka yi dubban shekaru suna taruwa cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba, wani wurin zurfinsa ya fi mita 10. Akeshiya ba ta son ƙafarta cikin ruwa, don haka ake haƙa magudanai a tsane fadamar. Da ta bushe sai ta fara sakin iskar kabon da ta daɗe tana riƙe da ita, ta kuma zama makamashi. Wuta in ta kama irin wannan ƙasa ta ƙarƙashi take ci, a kashe ta nan ta ɓullo can, sai ruwan sama mai ƙarfi ne ke gamawa da ita.

A 2015, shekarar da fari ya yi tsanani, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hekta miliyan 2.6 ce ta ƙone a Indonesiya, asarar kuma ta kai dala biliyan 16.1. Hayaƙi ya turnuƙe har Singafo da Malesiya, aka rufe makarantu, jirage suka kasa tashi. Masu bincike daga jami'o'in Harvard da Columbia sun ƙiyasta cewa hayaƙin ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da 100,000, kodayake gwamnatocin yankin sun ƙi amincewa da wannan adadi. Ba masu takarda kaɗai ke da alhaki ba, da masu manja da manoman da ke share gona da wuta, amma tsane fadamar ne ya shimfiɗa wa gobarar tabarma.

APP ya yi alƙawarin daina saran kurmin asali a 2013, APRIL ya biyo baya a 2015, kuma saran ya ragu ƙwarai bayan haka. Sai dai ƙungiyoyin kare muhalli irin su Greenpeace sun ci gaba da zargin cewa wasu kamfanoni masu alaƙa da su ta bayan fage suna ci gaba da sara a tsibirin Borneo, su kuma suna musantawa.

Kamfanoni suna cewa bishiyar da suke dasawa ta fi wadda suke sarewa yawa. Ƙarya suke yi?

Ba ƙarya ba ce, rabin gaskiya ce, kuma a ganina nan ne duk maganar take. Lissafin kan bishiya daidai yake. Amma gonar bishiya daban, daji daban.

Shiga gonar turare, bishiyar nan mai ganye mai ƙamshi da muka sani a bakin hanya da filayen makarantu. Iri ɗaya, tsawo ɗaya, shekara ɗaya, a jere kamar sojoji a fareti. Ƙasan fayau, sai busasshen ganye. Ba kukan tsuntsu sosai, ba 'ya'yan itacen da yaro zai tsinka, ba sassaƙen da mai magani zai ɗiba, ba abin da dabba za ta ci. Mutanen Birazil da ke zaune kusa da irin waɗannan gonaki koren hamada suke kiransu. A takardar ƙididdiga kuwa, wannan fili da kurmin da aka share don a dasa shi duk "daji" ake rubuta su. Shi ya sa tambayar da ta kamata a yi wa kamfani ba "nawa ka dasa" ba ce. A tambaye shi: me ke wurin kafin ka dasa, kuma wa ke cin abinci a wurin?

A Birazil turare yana isa sara cikin shekara bakwai, abin da ya sa Suzano ya zama kamfanin da ya fi kowa sayar da ƙullun itace a duniya. Injin da ya buɗe a 2024 a jihar Mato Grosso do Sul shi kaɗai an gina shi ne don ya fitar da tan miliyan 2.55 a shekara. Kamfanonin can suna cewa a tsofaffin makiyayan da suka gaji suke dasawa, kuma suna keɓe wani kaso na filinsu ga dajin asali. In haka ne, babu laifi, har gyara ne. Amma tarihi bai zo da tsabta haka ba. A jihar Espírito Santo, ƙabilun Tupinikim da Guarani sun kwashe shekaru suna rigima da kamfanin Aracruz a kan ƙasar kakanninsu da aka cika da turare, sai a 2007 gwamnati ta amince da iyakokin da suke nema.

Sannan ga ruwa. Bishiya mai saurin girma mai saurin sha ce. Afirka ta Kudu ta ɗauki abin da muhimmanci har dokar ruwanta ta 1998 ta sa gonar bishiyar kasuwa cikin ayyukan da ke rage gudun rafuka, dole mai ita ya nemi lasisi. Ga kuma wuta. A Fotugal, inda turare ya kai kusan rubu'in dazuzzukan ƙasar saboda masana'antar takarda, gobarar Pedrógão Grande ta watan Yunin 2017 ta kashe mutum 66, da yawansu cikin motocinsu a kan titin da bishiyoyin turare da na fain suka sa tsakiya.

Ƙasashen sanyi fa, irin su Finland da Suwidin da Kanada? An ce su dajinsu ba ya raguwa.

Faɗinsa ba ya raguwa, wannan gaskiya ne. Wajen kashi uku cikin huɗu na Finland daji ne, kuma doka ta tilasta a sake raya duk inda aka sare. Wani kaso mai yawa na abin da injinan takarda suke ci a can ƙananan bishiyoyi ne da aka rage don sauran su yi kauri, da guntattakin da suka saura a wurin yanka katako.

Abin da ke raguwa shi ne tsohon daji. Bishiyar can tana ɗaukar shekara 60 zuwa 100 kafin ta isa sara, kuma akan share fili ne ƙaƙaf lokaci ɗaya. Makiyayan Sami na arewacin Suwidin da Finland suna kuka da haka, domin gansakukar da barewarsu ta rendiya take ci da hunturu a tsohon daji take fitowa. A Finland ɗin ma, ƙididdigar hukuma ta nuna cewa a 2021 ɓangaren daji da amfani da ƙasa ya koma yana fitar da iskar kabon fiye da wadda yake shanyewa, saboda yawan sara da raguwar saurin girman bishiyoyi. A Kanada kuwa ƙorafin da aka fi yi shi ne ana sare dajin da bai taɓa ganin gatari ba don a yi takardar bayan gida, abin da amfaninsa bai wuce daƙiƙa biyar ba.

Bishiya nawa ake sarewa a yi tan ɗaya na takarda?

Za ka ji an ce 17, wani ya ce 24. Kada ka riƙe su da ƙarfi. Ya danganta da kaurin bishiyar, da irinta, da hanyar da aka bi: markaɗawa da inji tana ba da ƙullu kusan ninki biyu na dafawa da sinadari, sai dai takardarta ba ta da ƙwari kuma tana saurin komawa rawaya, kamar tsohuwar jarida.

Ban da sara, wace illa ce kuma?

Ruwa mai yawa ake sha, kuma wanda ake sakewa cikin kogi ba kamar yadda aka ɗebo shi yake komawa ba. A shekarun 1980 aka gano cewa faranta takarda da iskar kulorin yana haifar da dayoksin, guba mai taruwa a jikin kifi da mai cin kifin. Yawancin injina sun sauya hanya tun daga nan, gubar ta ragu sosai. Kwali mai ruwan ƙasa ma ba a faranta shi, nan ya fi farar takarda sauƙi. Garin da ke da injin dafa itace kuma hanci ne ke fara sanar da baƙo, warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ke tashi saboda farar wuta. Rigimar ruwa ta taɓa kai ƙasashe biyu gaban alƙali: Ajantina ta yi ƙarar Urugwai a kotun duniya ta Hague a kan injin da aka gina a Fray Bentos a bakin kogin da ya raba su, aka yanke hukunci a 2010, injin ya ci gaba da aiki.

A yi musu adalci ta gefe ɗaya. Baƙin ruwan da ke saura bayan dafa itace ba zubarwa ake yi ba, ƙona shi ake yi a samu tururi da lantarki, har wasu injinan suna sayar da rarar wuta.

Sake sarrafa tsohon kwali yana ceton daji?

Yana rage masa nauyi ƙwarai, kuma kwali na cikin abubuwan da aka fi iya sake sarrafawa a duniya. A Turai fiye da kashi 70 cikin ɗari na takardar da aka yi amfani da ita tana komawa inji. Amma kowane zagaye zaren yana gajarcewa, wani ya bi ruwa, wani kwalin kuma ba ya ma dawowa, ya jiƙe ko ya ƙone ko ya tafi juji. An daɗe ana cewa zare yana jure zagaye biyar zuwa bakwai, sai wani gwaji a jami'ar fasaha ta Graz da ke Ostiriya a 2021 ya nuna na kwali zai iya kai 25. Ko wanne ne daidai, dole a riƙa sa sabon zare, kuma muddin buƙata na ƙaruwa kowace shekara, tsohon kwali ba zai cike giɓin ba.

Tsohon kwali haja ce ta duniya. Sin ta daɗe tana sayen na Amurka da Turai jirgi-jirgi, sai ta tsaurara sharuɗɗa a 2018, ta rufe ƙofa gaba ɗaya daga farkon 2021. Cinikin ya karkata zuwa Indiya da kudu maso gabashin Asiya.

Tsakanin leda da jakar takarda, wacce ta fi?

Kowacce da inda take ciwo. Leda tana toshe kwata, tana kashe akuya da saniya in sun haɗiye, tana shekaru a gona ba ta ruɓe ba. Shi ya sa Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya a 2017. Takarda tana ruɓewa, amma yin ta ya fi cin ruwa da wuta, kuma ta fi nauyin ɗauka. Hukumar muhalli ta Ingila ta lissafa a 2011 cewa sai an yi amfani da jakar takarda sau uku kafin ta fi ledar yau da kullum sauƙi ta fuskar ɗumamar yanayi, kuma kowa ya san jakar takarda ba ta cika kai wa zuwa na uku ba. A sauya kowace leda da takarda a ci gaba da yarwa bayan amfani ɗaya, an gudu ne ba a tsira ba. Kwando da jakar yadi sun fi su duka biyun, in dai an daɗe ana amfani da su.

Najeriya fa? Kwalinmu yana cin dajinmu?

Ba sosai ba. Abin da ke cin dajinmu a arewa itacen girki ne da gawayi da sabuwar gona, a kudu kuma a ƙara da masu katako da gonakin koko. Yawancin farar takardar da muke bugu da rubutu a kai daga waje ake shigo da ita, har da ta Indonesiya. Wato littafin rubutun da ke jakar ɗan firamare a Gusau zai yiwu bishiyarsa a Sumatra ta tsiro. Ɓarnar tana nan, nesa ce kawai ta ɓoye mana ita.

Mun taɓa gwada tsayawa da ƙafarmu. Gwamnatin tarayya ta kafa injina uku: na Jebba a jihar Kwara, wanda ya fara aiki a 1969, na takardar jarida a Oku Iboku ta Akwa Ibom a 1986, da na Iwopin a jihar Ogun, wanda aka yi ta ginawa shekara da shekaru bai taɓa aiki yadda aka tsara ba. Kafin shekarun 1990 su ƙare duk sun durƙushe, saboda dogaro da ƙullu mai dogon zare da sinadarai da kayan gyara na waje, ga ƙarancin kuɗin musaya, daga baya aka sayar wa 'yan kasuwa. Abin takaicin, don ciyar da na Iwopin an share sassan kurmin asali a gandun dajin Omo da na Oluwa an dasa malaina. Kurmin ya tafi, takardar ba ta zo ba. Injinan da ke aiki a ƙasar yanzu galibi tsohon kwali da tsohuwar takarda suke narkawa, su yi sabon kwali da takardar goge hannu da kiret ɗin ƙwai.

Ba za a iya yi ba sai da bishiya?

Za a iya. Duk tsiro mai zare yana yin takarda: gora, karan alkama da na shinkafa, tukar rake bayan an matse ruwan. A jihar Tamil Nadu ta Indiya akwai babban injin da ya yi suna wajen yin takarda da tukar rake. Sai kuma rama, wadda muke kwaɗawa da ganyenta muna tufka igiya da ɓawonta. Ɓawon nan yana da dogon zare mai kyau, irin wanda injinanmu suka rasa, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar ta isa yanka. Matsalarta ta jigila ce. Sau ɗaya ake girbe ta a shekara, tana da cika wuri ba nauyi, inji kuwa kullum yake son ci, sai an tanadi rumbun da zai riƙe ta ba ta ruɓe ba. Kara kuma a wurinmu ba shara ba ne, abincin dabba ne da danni da makamashi.

Mene ne tambarin bishiyar nan da haruffan FSC da ake gani a jikin wasu kwalaye?

Shaida ce cewa an bi sawun itacen daga daji zuwa inji bisa wasu ƙa'idoji. An kafa FSC, ƙungiyar da ke ba da wannan shaida, a 1993, takwararta PEFC a 1999. FSC ta yanke hulɗa da APP a 2007, da APRIL a 2013. Tambarin ya fi babu, amma ba hatimin waliyyi ba ne: kamfanin da ake bincika shi yake biyan mai binciken, kuma an sha samun itacen haram ya kutsa cikin mai shaida. In ka ga an rubuta cewa haɗi ne, to ba duka zaren ne ya fito daga dajin da aka tantance ba. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da ta hana shigar da itace da takarda da koko da wasu kayayyaki daga filin da aka share bayan 31 ga Disamba 2020, sai dai an ɗage fara aiki da ita.

Ni ɗan kasuwa ne, kullum kwali na taruwa a shagona. Yaya zan yi da shi?

Kada ka ƙona. Hayaƙin yana ɗauke da tawada da gam da salatif, kuma kuɗi kake cinna wa wuta. Kada kuma ya tafi juji, domin in ya ruɓe a binne babu iska yana fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon ɗumama duniya. Katan mai lafiya a fara sake zuba kaya a ciki, ko a sayar wa masu neman na ɗaurin kaya a tasha. Wanda ya mutu a ɓalle shi a shimfiɗe, a cire salatif, a ɗaure dami-dami, a jingine inda ruwa ba zai taɓa shi ba, 'yan jari-bola suna saye a kan kilo. Jiƙaƙƙe ba ya daraja, wanda mai ya ɓata kuma a ware shi, domin yana lalata sauran a wurin narkawa.

Masu tsire da ƙosai da awara kuma a yi hattara da tsohuwar jarida da takardar buhun siminti. Tawadar bugu tana narkewa cikin mai mai zafi ta shiga abinci, har hukumar kula da lafiyar abinci ta Indiya ta haramta naɗe abinci a jarida. Takarda mai ruwan ƙasa wadda ba a yi bugu a kanta ba, irin ta masu kilishi, ita ta fi dacewa da wannan aiki.